Ki Riƙe Ɗan Kwatami

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga 'yata ta fari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin dawo daga Tsanyawa lafiya, kin baro Inna da kawunnanki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa sallamar da kika je yi musu ta alheri ce. Allah ya tsare ki a doguwar hanyar da ke gabanki, ya sauke ki a kurmi lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Za ki yi mamakin ganin takarda a kan akwatinki, alhali ƙofar ɗakina tana kallon taki. Kin san halinmu ni da ke. Ke ce ta fari, ban taɓa kiran sunanki ba, ban kuma taɓa iya zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. In na ɗauko ma, sai in tsinci kaina ina tambayarki ko kin ba awaki dusa. A takarda kuwa ba na jin nauyin kowa. Wataƙila amfanin da littattafan soyayyar nan da ake yi mini gori a kansu suka yi mini ke nan.

Ga abin da za ki fara sani: motar Baffanki Alhaji ba za ta zo gobe ta kai ki Kano ba. Bas ɗin haya za ki shiga a Bagwai kamar 'yar kowa. Kada ki tambayi babanki dalili. Ni ce dalili, ban kuma yi da-na-sani ba. Raina a ɓace yake tun shekaranjiya, kuma ke ma kina da kaso a ciki.

Shekaranjiya da hantsi, kafin ki tafi Tsanyawa, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji Baffanki a zaure yana ce miki:

"Irin tumatirin nan na uwarki, da aka ce za ki tafi da shi makarantar gona, ki haɗa min shi duka. Akwai mutumina mai shagon iri a Kano, shi ya san yadda zai yi da shi. Mutanen kurmi me suka sani a tumatir? Sai dai ci."

Na tsayar da tankaɗen ina jiran abin da za ki ce. Ke da kika yi karatun. Ke da malamanki suka zaɓa ki je can inda ake neman tumatirin da zai jure zafi da laima. Sai na ji wata 'yar murya can ƙasa: "To, Baffa."

To, Baffa! Wallahi sai da garin ya zube mini a zani. Na san wannan "to" ɗin, don a nono kika sha shi. Shi ya sa zan zauna in gaya miki inda ya taɓa kai ni, da sauran wautar da na tafka kafin irin nan ya zama abin da har Baffanki yake so. Duk garin nan sun san labarin, amma su da dariya suke ba da shi. Ki ji shi sau ɗaya daga bakin wadda abin ya ci.

Kina firamare a shekarar da tsutsar nan ta shiga lambunan Watari ta bar ganye kamar an babbake. Za ki tuna miyar kauɗa da muka riƙa sha, busasshen tumatirin nan mai ƙasa-ƙasa, har daga baya ita ma kauɗar ta gagara muka koma kuka safe da yamma. Da shekara ta zagayo babanki ya ce shi ya gama da irin gida, mai aure zai shuka, na gwangwani. Ya karɓo gwangwani biyu daga wani shago a Kano a kan zai mayar da ɗaya, ya dire su a gabana ya ce, "Ke ce mai karatu a gidan nan. Duba ki zaɓa mana."

Yadda nake zaɓen littafi a wurin mai haya, haka na zaɓi iri: bango na kalla. Ɗaya gwangwanin hotonsa ya koɗe. Ɗayan kuwa tumatir ne jajur, ɓul-ɓul, har da raɓa a jikinsa. Ina riƙe da shi na tafi can wata duniya. Na ga manyan motoci sun yi layi a bakin lambunmu, na ga babanki cikin shadda, na ga an yi mini kanta guda ta littattafai zalla. Akwai ƙananan rubutu a bayan gwangwanin. Ban karanta ba, ban kuma ce a nemo wanda zai karanta ba. Na ce, "Wannan."

Shekarar man injin ban ruwa ya yi wuya, dashe ya makara. Amma shukar ta tashi kyakkyawa, kore shar, har masu babur suna tsayawa kallo. Sai zafi ya shigo, irin wanda ko da asuba ƙasa ba ta hucewa. Fure ya fito rawaya gwanin sha'awa, ya bushe ta wuya, ya zube. Babanki ya ƙara ruwa. Ya sayar da tunkiya ya ƙara taki. Ganye ya ƙara kyau, 'ya'ya kuwa sai ɗai-ɗai kamar an roƙa.

Ya koma wurin mai shagon. Mutumin ko tashi zaune bai yi ba, ya ce, "Ai Malam wannan na sanyi ne. Kai ka makara."

"Da na zo saye ban gaya maka sai zafi ya kusa zan dasa ba?"

"Ka faɗa. Amma ba ka tambaye ni ko zai yi ba."

Kin ji fa. Ya sani, ya yi shiru, ya miƙa. Kuma wannan mutumin, shi ne mutumin Baffanki mai shagon iri. Shi kika ce "to" a kai wa.

Don haka in an miƙo miki iri, ko mutum, ko magana mai daɗi, ki juya bayan gwangwanin. Ki tambaya a ina ya girma, a wane lokaci, wane zafi ya taɓa sha. Wanda ya ji haushin tambayarki, akwai abin da yake so kada ki sani.

Wauta ta biyu ita ma tawa ce. Da babu halin sayen wani gwangwanin, na ce da babanki ai ba sai mun saya ba, mu cire iri daga 'yan tsirarun da muka samu, ɗa ai uwarsa zai biyo. Haka na saba gani a littafi, 'yar mai kyau kyakkyawa ce. Muka cire, muka yi reno, aka dasa. Abin da ya fito sai wanda ya gani. Wani dogo, wani mulmulalle, wani kamar gauta, wani tsami kamar an jiƙa tsamiya. Babanki ya tsaya a kan kunya ya riƙe ƙugu ya ce, "Wannan ba lambu ba ne, ranar kasuwar Tsanyawa ce. Kowa da kamarsa." Ya tuge su ya zuba kuɓewa. Ni kuma na shige ɗaki na yi ta kuka ina karanta labarin wasu masu kukan.

Ragowar dashen da ba a kai lambu ba, su na dasa a bayan gida kusa da rijiya. Ba dabara ba ce, kada wani ya gaya miki dabara ce. Tausayi suka ba ni, na ga kamar marayu.

Ana tsakiyar bazara Malama Rifkatu ta shigo. Kin san ta, malamar gona, 'yar ƙauyen nan na gaba da mu masu coci. Ta zo koya wa mata shanya kayan miya, ta zagaya baya wanke hannu, sai na ji ta kwaɗa mini kira.

"Wa ya ce ki shuka wannan yanzu?"

"Ba kowa."

"Kin san abin da kike da shi?"

"Tumatir mara fasali."

Ta yi dariya ta ja hannuna. Yawancin shukokin sun zubar da fure kamar yadda uwarsu ta yi. Amma ga wasu 'yan kaɗan, marasa kyan ganye, sun riƙe nasu, har sun ɗaura 'ya'ya a cikin wannan zafin. Ta ce iri mai aure haka yake, in ka cire iri daga jikinsa, 'ya'yan watsewa suke yi, kowa ya ɗauko wani kaka. Waɗannan sun ɗauko kakan da ya san rana. Ta ce, "Yago tsumma ki ɗaura musu. Kada ki ci, kada ki bayar. Ki bari su nuna a jikin uwarsu. Wannan ba kayan miya ba ne, iri ne."

Na yagi bakin tsohon zanina na ɗaura.

A nan ki tsaya ki ji abin da yake ba ni haushi da mazan garin nan, har da babanki a da. Yaushe suke cire iri? A tsakiyar sanyi, lokacin da tumatir ya yi yawa har ana zubarwa a bakin titi. Su duba kwando su ɗauki wanda ya fi kowanne girma da sheƙi, su ce ga iri. A sanyi ai kowace shuka jaruma ce! Sannan zafi ya zo, fure ya zube, su zauna a gindin darbejiya suna cewa tumatir ba ya son zafi, haka Allah ya yi shi. Su ne suka yi ta zaɓen wanda ba ya so, shekara da shekaru, da hannunsu. Ke kada ki zaɓi iri a kwando. Ki je gindin shukar da rana tsaka a lokacin da kowa ya gudu inuwa, ki ga wadda ta riƙe furenta. Ko mummuna ce, ita ce taki.

Yanzu ga babbar wautar.

'Ya'yan nan sun fara ja ke nan aka haihu a gidan Baffanki. Tumatir kuwa babu shi a Bagwai, babu shi a ko'ina, wanda ake kawowa daga nesa sai mai hali. Da yake tsakar gidanmu ta fi faɗi, a nan aka kafa tukwanen suna. Da safe Baffanki ya tsaya a zaure ya ɗaga murya:

"An ce akwai jan tumatir a bayan gidan nan. A tsinko wa masu girki."

Ina tsaye a bayan ƙofa. Maganar Malama Rifkatu tana cikin kunnena kamar yanzu ta faɗa. Na san abin da ya kamata in ce. Amma yayan miji ne, ranar farin cikinsa ce, gida cike da dangi, ni kuma yarinya ce da ake cewa ba ta san komai ba sai littafi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Yaya."

Mata suka zagaya da kwanuka. Suka tsinke nunannu, suka tsinke masu shirin nuna, suka tattake sauran. Wata ta ɗago tsummana tana tambaya, "Amarya, wannan na maganin baki ne?" Aka kwashe da shewa. Suka zauna a bakin magudana suna matse 'ya'yan da ruwan tsamin kamar yadda muke yi kafin a kai markaɗe, suka ɗauraye, aka kai inji. Ranar kowa ya yaba miya. Har aka aiko mini da tawa, da tsoka biyu a kai, wai tukwici.

Ban ci ba. Na shiga ɗaki na buɗe littafi na yi ta kallon shafi ɗaya. A littattafan nan, in abu ya kai nan, akwai wanda yake shigowa da gudu ya ce a dakata. Na jira shi har aka kwashe tukwane. Ba wanda ya shigo, don wadda ya kamata ta ce a dakata tana ɗaki tana jira.

Ba wanda ya zalunce ni a ranar fiye da bakina. Amma kada ki ce na yafe wa al'adar da ta koya wa mace cewa tarbiyya ita ce ta miƙa abin da ta san ba na miƙawa ba ne. An koya mana kunya, an yi daidai. Ba a koya mana inda kunya take tsayawa ba.

Shukokin da aka tattake ba su ƙara tashi ba. Na cire rai. Sai da damina ta kankama, wata rana magudana ta toshe, na zagaya bayan katanga da sanda in buɗe. A bakin kwatamin da ruwan wanke-wankenmu yake taruwa, sai ga tsiron tumatir cunkus, kamar an watsa da gangan. 'Ya'yan da matan nan suka matse ne ruwa ya kai can. Na durƙusa a cikin wannan warin ina dariya ina hawaye, har wata mai tallar nono ta tsaya tana tambaya ko lafiya.

Babanki ya kewaye wurin da ƙaya don awaki. Ga zafi, ga laima, ga ƙasa da ba ta bushewa. Yawancinsu suka yi rawaya suka ruɓe ta gindi, wasu ganyensu ya yi tabo baƙi suka kwanta. Na so in cece su, Malama Rifkatu ta ce, "Ƙyale su. Kwatamin yana yi miki zaɓe." 'Yan kaɗan suka tsaya, suka yi fure, suka riƙe, suka haihu a tsakiyar damina, lokacin da ba mai ko mafarkin tumatir a ƙasar nan.

Baffanki ya zo wucewa ya gani, ya toshe hanci da bakin riga ya ce da babanki, "Sabi'u, abin har ya kai ku noma a kwatami? Wa zai ci ɗan kwatami?" Sunan ya bi shi. Ni ma ya bi ni. A gidan biki sai in ji ana cewa, "Ku matsa wa uwar Ɗan Kwatami." Na shanye.

Ki lura, ba wayona ne ya dawo da irin nan ba. Na bayar da shi da bakina, Allah ne ya ji tausayina ya dawo mini da shi ta magudana. Ba a yi wa kowa alkawarin kwatami na biyu ba.

Ɗan Kwatami yana da jimiri, amma gaskiya ba shi da kyau. Ƙarami ne, ga tsami, ga fata kamar ta albasa, kafin kwando ya kai Bagwai ya fashe. Sai Malama Rifkatu ta koya mini yi masa aure da wani mai taurin fata da babanki yake nomawa a sanyi. Wannan aikin kam ya dace da ni, ni da na ƙare ƙuruciyata ina haɗa aure a zuci. Da sassafe nake fita, kafin rana ta yi ƙarfi. In nemi furen Ɗan Kwatami da bai buɗe ba, wanda ya fara shirin yin rawaya, in buɗe shi da bakin allura a hankali, in cire zagayen nan mai gari, in bar tsinken tsakiya shi kaɗai. Washegari in kaɗo garin furen ango a kan farcena in shafa masa, in ɗaura jan zare. Babanki yana jan ruwa a rijiya yana cewa, "Yau kuma wa aka ɗaura wa? A ajiye min goro."

A karon farko na yi ta yi wa furen da ya riga ya buɗe, don ya fi sauƙin kamawa. Ashe wanda ya buɗe ya riga ya gama da kansa, aikin banza na yi. Da na gyara wannan, auren ya kama, 'ya'yan suka yi kyau, jikokin suka watse kamar yadda aka saba, na zaɓi masu riƙe fure da taurin fata. Sai na kwashe irinsu duka na juye a ƙwarya ɗaya, kamar yadda muke haɗa gero. Malama Rifkatu ta zo ta ga ƙwaryar ta dafe kai.

"Wace ce uwar wannan ƙwayar?"

"Oho."

"Wannan fa?"

"Duk ai masu kyau ne."

"Masu kyau ne a idonki. A cikinsu akwai wadda 'ya'yanta za su biyo ta, akwai wadda za su ba ki kunya. Yanzu ta yaya za ki san wadda za ki kora?"

Shekara guda ta tafi a wannan ƙwaryar. Tun daga nan kowace shuka da ƙullinta, kowane ƙulli da layinsa a fangali. Layin da ya zubar da fure a bazara, ko ya ruɓe a damina, in tuge shi gaba ɗaya ko da ina son sa. Akwai wanda na tuge ina kuka, don 'ya'yansa sun fi na jikin gwangwanin nan kyau. Ke ma za ki tuge irinsa. Kada ki tsaya kallon kyau.

To yanzu da aka ga muna cin ɗanyen tumatir a damina, 'yan gwari suna tsayawa a ƙofar gidanmu, yanzu ne Ɗan Kwatami ya zama abin so. Kin san abin da mai shagon nan zai yi da shi? Zai shuka shi a sanyi don ya yi yawa. Zai zaɓi manya a kwando. In bai cika ba ya ƙara da wani irin da ya kwana masa a shago. Ya zuba a leda mai hoto, ya sa masa suna mai daɗi. Kafin a je ko'ina jimirin ya tsiyaye, wani mai lambu irin babanki ya sayar da tunkiyarsa, fure ya zube masa, a ce da shi ai ba ka tambaya ba. Da irina! Da shekaruna na durƙuso da allura!

Na san a garin nan ba a hana iri, kuma ban taɓa hanawa ba. Wace mace ce a layin nan ba ta karɓi dashe a hannuna ba? Amma wannan ƙullin ba a gama shi ba. Har yanzu yana fitar da bare jefi-jefi. Kuma zafinmu na nan busasshe ne, laimarmu ta 'yan watanni ce. Can inda za ki, inda aka ce gumi ba ya bushewa a jiki kuma ruwa ba ya ɗaukewa, can ne za a san ko jarumi ne ko a gida kawai yake cika baki. Abin da ba a gama ba, ba rowa ba ce a riƙe shi.

Jiya da la'asar, kina Tsanyawa, Baffanki ya zo karɓa. Ya zauna a zaure da babanki ya ce a miƙo saƙon. Na sa hijabi na je bakin ƙofa na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi Hajiya da yara. Sannan na ce:

"Yaya, irin nan ba zai samu ba."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a, Yaya."

"Yarinya ta riga ta ce to."

"Yarinya kunya ta ji. Kuma ba nata ba ne tukuna, sai ranar tafiya."

Ya juya wurin babanki. "Sabi'u, kana ji? A gidanka? Yaushe aka fara hana iri a zuriyarmu?"

Na ce, "Ba a fara ba. Dashe yana nan, in kana so gobe a kai maka gona, ka ci, ka yi kyauta. Ƙullin ne ba zai je shago ba."

"Ɗan kwatamin?"

"Shi. Wanda ka ce ba mai ci."

Babanki ya sunkuya yana kallon yatsun ƙafarsa har na fidda rai, na ce yanzu zai ce in tashi in ɗauko. Can ya ɗago ya ce, "Yaya, duk shekarun nan ni ruwa kawai na ja mata. Nata ne."

Baffanki ya miƙe ya kaɗe riga. Ya ce, "To madalla. Sai ta ɗora 'yarta a kan ɗan kwatamin ya kai ta Kano." Ya fita ko sallama babu.

A littafi, mace a irin wannan wurin jawabi take yi shafi biyu, kowa ya sunkuyar da kai. Ni 'yan kalmomin nan ne kawai, na koma na tarar tuwo ya kama. Amma rufin zaure bai faɗo ba. Na yi shekaru ina tsoron kalmar nan, ashe abin da za ta ci mini kujerar mota ce.

Kada ki ɗauki wannan ya zama raini. Baffanki ubanki ne. In kin sauka ki kira shi ki gaishe shi, ko ya amsa a daƙile ki ƙara kira wani satin. Ana cewa a'a a durƙushe. Abin da nake so ki gane ke nan tun kina da sauran ƙuruciya, kada ki jira sai kin kai shekaruna.

Don can ma za a tambaye ki, kuma ba da tsawa irin ta Baffanki ba. Da murmushi za a zo, a kira ki 'yar'uwa, a ce kawo a ajiye miki, kawo a haɗa da namu duk ɗaya ne. Wannan ya fi wuyar ƙi. Ki yi aiki da malamanki da zuciya ɗaya, ki koyi abin da ban sani ba, don sun fi ni sani nesa ba kusa ba. In sun ce layin da nake so bai yi ba, ki tuge. Amma ki san hannun da kika saka wa kowace ƙwaya, ki san layin da aka shuka ta, kada ki bari a juye miki a ƙwarya ɗaya.

Ƙullin uku ne, suna cikin gwangwanin madara a tsakiyar zannuwanki, na barbaɗa musu toka don laima. Mai jan zare shi ne Ɗan Kwatami tsantsa. Mai baƙi shi ne angon. Mai fari su ne jikokin da na fi sa rai a kansu, kowace uwa da 'yar takardarta a ciki. Littafin nan da kike ganin ina ɓoyewa a ƙarƙashin filo shi na yaga na naɗe su, don takardarsa ta fi shan danshi. Na riga na haddace ƙarshensa. Kada ki shuka duka a tashi ɗaya, ki raba biyu ki ajiye rabi. A bas kuma kada ki bari a ɗora akwatin a saman mota rana ta gasa shi. Ki cire gwangwanin ki riƙe a cinyarki, ko kwandasta zai yi magana.

In sun tambaye ki sunansa, kada ki tsaya neman na ado. Ki ɗaga kai ki ce Ɗan Kwatami. In sun yi dariya ki bar su su gama, sannan ki ce su dawo a tsakiyar zafi su duba furensa.

Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko bai yi miki daɗi ba, ki kwana a gidan sauro. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga sharrin mota da na mutum, ya tsare abin da ke cinyarki. Allah ya sa ki dawo ki same mu da rai da lafiya, ni da babanki, da Baffanki ya huce. Gobe ba zan raka ki tasha ba, kin san ba a yi, kuma in kin waiwayo za ki ga kamar shara ce ta dame ni. Kada ki yarda.

Allah ya yi miki albarka, Sa'adatu. Jiya na ce a'a, yau na rubuta sunanki, duk ban mutu ba. Saura ke.

Wassalam,
Mahaifiyarki.